Ina Jin Murya Amma Ba Na Tantance Magana: Kurumcewa Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekarata 39, kuma na yi shekara 14 ina aiki da injin yanka katako da na shafe shi. Kusan shekara biyu ke nan ina jin wata siririyar ƙara a kunnuwana kamar kukan gyare, ta fi damuna da dare. In mu biyu ne a ɗaki ina jin magana sarai, amma cikin taro sai in riƙa jin muryoyi ba na tantance abin da ake cewa, har mai ɗakina ta fara zargin share ta nake yi. Yanzu kuma mako guda ke nan kunnena na hagu ya toshe bayan na yi wanka na goge shi da tsinken auduga. Wani abokin aikina ya ce datti ne, in ɗiga mai in ci gaba da sakacewa. Kurumcewa zan yi? Akwai maganin da zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ka kawo, kowacce da inda ta fito. Toshewar kunnen hagu ta mako guda daban take, kukan gyaren nan da rashin tantance magana na shekara biyu su ma daban suke. Ta farkon mai yiwuwa a gama da ita a zama ɗaya a asibiti. Ta biyun, in hasashenmu ya yi daidai, ba ta warkewa, amma ana iya taka mata birki. Kafin mu je ko'ina, ka ajiye tsinken nan, kuma kada ka ɗiga komai a kunnen sai mai ilimin abin ya leƙa da fitilar duba kunne.

Ba za ka gane dalilin wannan hanin ba sai ka san hanyar da sauti ke bi. Fatar kunne da ake gani a waje tattara sauti kawai take yi, ta zuba shi cikin ramin kunne. Tsawon ramin a jikin baligi kimanin santimita 2.5 ne, a ƙarshensa kuma akwai wata siririyar fata da ta rufe shi ruf, ita ce dodon kunne. Sauti girgizar iska ne, da ya bugi dodon sai shi ma ya kama rawa. Bayan dodon akwai ɗan ɗaki mai iska wanda ƙasusuwa uku ke jere a ciki, an raɗa musu suna da abin da suka yi kama da shi: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, ba ta wuce milimita 3 da 'yan kai ba. Guduma na manne da dodon kunne, tana miƙa girgizar ga maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa kuma ta riƙa tura wata 'yar taga da ke jikin kunnen ciki. Amfanin wannan jere shi ne kunnen ciki cike yake da ruwa, kuma girgizar iska ba ta shiga ruwa da sauƙi. Da yake faɗin dodon kunne ya ninka na 'yar tagar kusan sau 17, ƙarfin da ya tattara sai ya dunƙule a ƙaramin wuri, matsin ya ninku kusan sau 20. Ɗakin nan yana da bututu da ya sauka zuwa bayan hanci don daidaita iska, shi ya sa mura ke toshe kunne, haɗiyar miyau kuma ta buɗe shi.

A kunnen ciki akwai wani murɗaɗɗen bututu mai siffar katantanwa. Cikinsa ne aka jera ƙwayoyin ji, kimanin 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, kowace da 'yan gasu a kanta. Ruwan na motsi, gasun na lanƙwasa, ƙwayar ta mayar da motsin saƙon lantarki, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Jerin ba haka kawai aka yi shi ba: ƙwayoyin bakin katantanwa su ke karɓar siraran sautuka, na can ƙurya kuma su karɓi kaurara. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ƙwayoyin nan da su aka haife ka, kuma wadda ta mutu ba ta sake fitowa. Maƙwabtan katantanwar kuma su ne bututu uku masu kula da daidaiton tsayuwa, shi ya sa ciwon kunne kan zo da jiri wani lokaci.

Daga nan raunin ji ya kasu biyu. Ko dai wani abu ya tare hanya tun daga ramin kunne zuwa likkafa, kamar datti, ruwa ko mugunya a bayan dodo, hujewar dodon, ko ƙashin da ya sandare. Irin wannan yawanci ana gyara shi da wanki, magani ko tiyata. Ko kuma hanyar a buɗe take, ƙwayoyin ji ko jijiyar ne suka lalace, wanda shi yawanci ba ɗigo ko ƙwayar maganin da ke dawo da shi.

Mu fara da kunnen hagu. Abokin aikinka mai yiwuwa ya canki cutar, amma ya kuskure maganin. Dattin kunne ba ƙazanta ba ce da ake farauta. Fatar da ke bakin ramin ce ke samar da shi don ya kama ƙura ya kuma hana ƙwayoyin cuta zama, kuma da kansa yake fitowa, domin fatar ramin a hankali take tafiya daga ciki zuwa waje, motsin muƙamuƙi na taya ta. Tsinken auduga kuwa ɗan kaɗan yake lakatowa, sauran ya danna shi ciki inda babu mai fitar da shi. Ranar da ruwan wanka ya shiga, dattin ya kumbura ya rufe 'yar kafar da ta rage, sai mutum ya ji ɗif. Labarinka ya yi kama da wannan ƙwarai. Ci gaba da sakacewa kuwa garin neman gira a rasa ido ne: ana ƙuje fatar ramin ta kumbura, ana kuma huda dodon kunne, musamman in wani ya bangaji gwiwar hannun mutum yana tsaka da yi.

In an leƙa an ga datti ne kuma dodon lafiya lau, akan ba da man zaitun mai tsabta ko ɗigon laushi na kantin magani. Ka kwanta kunnen na kallon sama, ɗigo 2 ko 3, ka zauna a haka minti 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a rana, na kwana 3 zuwa 5. Man kada ya zama mai zafi ko mai sanyi ƙarara, ɗumin tafin hannu ya isa. Da farko toshewar na iya ƙaruwa saboda dattin na jiƙa, wannan ba abin tsoro ba ne. In bai fita da kansa ba sai a zuƙe shi da na'ura ko a wanke da ruwa mai ɗumin jiki. Duk wanda kunnensa ke zubar da ruwa, ko yake masa zafi, ko aka taɓa ce masa dodonsa a huje yake, ko aka taɓa yi masa tiyatar kunne, wannan tsarin ba nasa ba ne.

Ga dalilin da ya sa muka nace a duba ka cikin kwana ɗaya ko biyu, ba wata mai zuwa ba. Akwai wata cuta da jin kunne ɗaya ke faɗuwa farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana uku, daga can cikin katantanwa. Mai ita ji yake kamar toshewa ce kawai, don haka da yawa sukan zauna suna ɗiga mai har lokaci ya ƙure. Maganinta, wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi, ya fi aiki in an fara shi cikin mako biyun farko, kai kuma ka riga ka cinye ɗaya. Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi yanzu: rufe bakinka ka yi "mmm" da tsayi, ka saurari ɓangaren da sautin ya fi ƙarfi. In ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, alama ce ta abu ya tare hanya, kamar datti. In ya gudu zuwa kunnen dama mai lafiya, to ka tafi asibiti yau. Gwajin manuniya ce kawai, ba ya maye gurbin dubawa.

Yanzu babbar maganar, wato shekara 14 a gaban inji. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 rabin awa, 100 kuma minti 15 kacal. Injinan yanka da shafe katako sukan kai 100 ko su ɗara lokacin da haƙori ya kama itace. Ka lissafa da kanka sau nawa kake ninka minti 15 a wuni guda. In ba ka da na'urar awo, ga ma'auni mai sauƙi: duk wurin da sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna.

Ɓarnar a sace take zuwa. Da farko mutum zai tashi daga aiki kunnensa ya yi dum, yana ƙugi, kafin gari ya waye ya washe. Ƙwayoyin ne suka galabaita suka farfaɗo. Mutane kan ce sun saba da ƙarar, alhali babu kunnen da ke sabawa, jin ne ke raguwa. Da aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, sai wasu su daina farfaɗowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu karɓar girgiza wajen sau 4,000 a sakan, daga nan ɓarnar ta bazu zuwa maƙwabtansu. Wannan shi ya bayyana abin da ke tsakaninka da mai ɗakinka. Wasula, irin su a da o da u, kaurara ne kuma su ke ɗauke da ƙarfin murya, don haka kana jin su. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da t kuwa sirara ne marasa ƙarfi, kuma su ke rarrabe kalma da kalma. In aka ce maka "tsaya", abin da ke isa ƙwaƙwalwarka bai bambanta sosai da "saya" ko "taya" ba. A ɗaki shiru ƙwaƙwalwa na cike giɓin da yanayin zancen da kallon baki. Cikin taro hayaniya na binne ɗan abin da ya rage, sai ka ji murya ba ka kama magana. Muryar mata da ta yara sukan fi wuyar kamawa. Ka nuna wa mai ɗakin naka wannan sakin layin, don ta san ba raini ba ne.

Kukan gyaren ma daga nan yake. In saƙo ya daina zuwa daga wani sashe na katantanwa, ƙwaƙwalwa kan ƙara kasa kunne a wannan sashen har ta ƙirƙiro sautin da babu shi a waje. Ya fi fitowa da dare domin babu wata ƙara da za ta rufe shi. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe shi, don haka ka yi hattara da masu tallar magani a kansa. Abin da ke taimakawa shi ne kada ka kwanta cikin shiru tsit: ƙarar fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa ta isa. Gajiya, damuwa da rashin barci na ƙara shi. Yawancin masu shi sukan daina lura da shi sannu a hankali, kuma shi kansa ba ya kurmantar da mutum. Wanda ke buƙatar bincike na musamman shi ne mai yi a kunne ɗaya tak, ko mai bugawa daidai da bugun zuciya.

Abin da za ka nema a asibiti shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da kuma awon ji. Za a sa ka a ɗaki marar hayaniya da abin saurare a kai, a riƙa sako sautuka daga kauri zuwa siranta, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji. Sannan a ɗora wata 'yar na'ura a kan ƙashin bayan kunne, wadda ke kai sauti katantanwa kai tsaye ba tare da ya bi ta dodo ba. In ta ƙashi kana ji da kyau amma ta rami ba ka ji, matsalar ta hanya ce. In duka biyun sun faɗi tare, ta ciki ce. Ba ya zafi, kuma bai cika wuce rabin awa ba. Lafiyayyen kunne na kama sautin desibel 20 ko ƙasa da haka, wanda ƙara ta cinye kuwa akan ga zanen sakamakon awonsa ya yi rami a daidai girgiza sau 4,000 a sakan. Ka je bayan an cire dattin, kuma bayan ka huta daga ƙarar inji na aƙalla awa 14 zuwa 16, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiyar lamarin muni. Ka ajiye takardar, ka sake awon duk shekara a kwatanta.

Ba mu ce ka bar sana'arka ba. Abin da muke cewa shi ne daga gobe inji ba zai tashi ba sai kunnenka a rufe. Auduga ko tsumma ko takarda da wasu ke cusawa kusan ba sa rage komai. Ka nemi matoshin kunne na soso da aka yi don wannan aikin, ko marufi mai kofi biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya. Yadda ake sa na soson shi ne inda aka fi kuskure. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba lanƙwasa, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka zura, ka riƙe da yatsa sakan 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika wurin. In mai kallonka ta gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba. In ya zauna daidai za ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kanka. Marufi mai kofi kuma hula, gashi ko hannun tabarau na ɗaga shi iska ta shiga, sosonsa in ya tsage a canza. A aikin da ya kai desibel 100 ko fiye, haɗa biyun ya fi.

Wani abin da mutane ba sa yarda da shi sai an yi musu lissafi: cire matoshin na ɗan lokaci yana zubar da yawancin amfaninsa. Matoshin da ke rage desibel 25, in ka cire shi na minti 5 kacal cikin awa guda inji na aiki, kariyar da ka samu a wannan awar ba ta wuce desibel 11 ba. In magana ta taso, a kashe injin ko a fita waje. Injin kansa ma ana rage masa ƙara: haƙori mai kaifi bai kai dakusasshe ihu ba, a ɗaure duk abin da ke kaɗawa, a sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa, a raba shi da wurin da sauran ma'aikata ke zama. A fili, duk ninka tazara sau biyu yana rage kusan desibel 6. Yaran da ke koyon aiki a hannunka kuma su ne suka fi cancanta da wannan kariya, domin nasu ƙwayoyin ba su riga sun mutu ba.

Kada ka sa iyafis don ka rufe ƙarar inji da waƙa ko karatu, ƙara kan ƙara ke nan. Wayoyi da yawa in an ƙure su sukan kai desibel 100. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, ta kuma ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalata jinsu ta irin wannan saurare.

Da yake kunnenka ya riga ya ji jiki, akwai wasu abubuwan da za su iya ƙara masa, don haka ka san su. Wasu magunguna guba ne ga ƙwayoyin ji, musamman alluran gentamicin, streptomycin, amikacin da kanamycin, da maganin daji cisplatin. Kwinin da asfirin mai yawa ma na sa ƙugin kunne, kodayake nasu yawanci yakan tafi in an daina. Wannan ba yana nufin ka ƙi maganin da likita ya ga dole ba ne, nufinsa ka gaya masa kana da raunin ji kafin ya rubuta, kuma kada ka yarda a yi maka irin alluran nan ba da takardarsa ba. Ciwon suga, hawan jini da shan taba suna cutar da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da katantanwa. Tururin wasu sinadaran fenti da tsinka shi, waɗanda kafintoci ke shaƙa, yana haɗuwa da ƙara ya tsananta ɓarnar, don haka a yi fenti inda iska ke wucewa. Sanƙarau, ƙyanda da hangum na kurmantarwa, su kuma allurar rigakafi ce ke tare su, abin da ya fi shafar 'ya'yanka. Mari a kan kunne na iya fasa dodo. Kunne mai zubar da mugunya fiye da mako biyu, ko mai wari, shi ma ba a zama da shi. Tsufa kuma na nan tafe da nasa rabon, kuma siraran sautukan da inji ya fara ci su ne shi ma yake farawa da su.

Game da tambayarka ko kurumcewa za ka yi: ƙarar aiki ita kaɗai ba ta cika kai mutum ga kurumta ɗungurungum ba, kuma in aka tsayar da ƙarar, ɓarnar da take yi ba ta ci gaba da kanta. In awo ya nuna raunin ya kai, za a ba ka shawarar na'urar taimaka wa ji. Wadda ake saita ta daidai da takardar awonka muke nufi, ta ɗaga sautukan da ka rasa ta bar waɗanda kake ji. Mai ƙara komai gaba ɗaya da ake saye ba awo hayaniya take ƙarawa, tana ma iya cutarwa. Makonnin farko sauti zai yi maka baƙo, har ƙarar takarda ta dame ka, sai an yi haƙuri ana sa ta kullum ana komawa a gyara saiti. Sau da yawa kuma tana rage kukan gyaren. Kafin nan, a gida a riƙa kiran sunanka kafin a fara magana, a fuskance ka inda akwai haske, a rage rediyo, a yi magana a tsanake. Ihu ba ya taimakawa, domin wasulan da kake ji dama su yake ƙara wa ƙarfi. In ba ka kama jimla ba, a sauya kalmomin maimakon a maimaita su yadda suke.